Tuƙa kanka a tsofaffin hanyoyin Amurka da garuruwan bakin Misisipi: tambayoyin da aka fi yi mun

Tunda muka dawo daga tafiyar nan ni da mai ɗakina da yaran wayata bata huta ba, wannan ya ce nawa ka kashe, wancan ya ce ba ka ji tsoro ba, wani abokina ma cewa yayi wai me za ka je gani a titi, titi ai titi ne. Toh na gaji da maimaita voice note, shi yasa na zauna na tara tambayoyin wuri ɗaya. Sau biyu nayi irin wannan tafiya, ta farko ni da wani aminina muka bi Route 66 tun daga farko har ƙarshe, ta biyu kuma da iyali muka bi kogi muka gangara kudu.

Wai wace hanya ake magana ne, ba duk Amurka titi bane?

Hanyoyi biyu ne suka fi suna. Ta farko Route 66, wadda aka ba lamba a shekarar 1926, ta taso daga Shikago ta ƙare a Santa Monica bakin tekun Fasifik, tsawonta wajen mil 2,448, kusan kilomita 3,940 kenan, ka ɗauka Kano zuwa Legas ne kusan sau huɗu. Jihohi takwas take ratsawa: Illinois, Missouri, Kansas, Oklahoma, Texas, New Mexico, Arizona da Kalifoniya, duk da dai Kansas ɗin leƙawa kawai take, mil 13 ne kacal.

Ta biyu ita ce Great River Road, wadda aka ƙirƙira a 1938. Ita ba titi ɗaya bace, tituna ne da yawa aka ɗinke su suna bin kogin Misisipi ta gaɓa biyu, daga tafkin Itasca a Minnesota inda kogin ya faro (a can ƙarami ne, mutane na taka duwatsu su tsallake shi da ƙafa) har ƙasan Louisiana inda ya faɗa teku. Jihohi goma. Alamarta koren allo ne mai hoton sitiyarin jirgin ruwa, in kana ganinsa toh baka ɓata ba.

Akwai wasu tsofaffin, kamar National Road da aka fara a 1811 daga Cumberland, da Lincoln Highway ta 1913, amma waɗancan biyun su ne baƙo zai fi jin daɗi.

Naji ance an soke Route 66, gaskiya ne?

Eh, a hukumance an cire ta daga jerin hanyoyin tarayya tun 1985. Abinda ya faru shi ne a 1956 lokacin shugaba Eisenhower aka sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi da suke kira Interstate, waɗanda basa shiga cikin gari, kewayewa suke. Sai ya zama garin da jiya motoci ke tsayawa a sha mai a ci abinci a kwana, yau an buɗe sabuwar hanya mil biyu a gefe, shikenan kasuwa ta tashi kamar an yi ruwa an ɗauke. Garin Williams a Arizona shi ne na ƙarshe da aka kewaye, a 1984. Duk wanda ya san garin da aka janye masa hanyar manyan motoci ya san irin mutuwar nan, masu tuwo da masu faci su ne farkon tashi.

Amma kwaltar tana nan a mafi yawan wurare, kawai dai a gutsure take, wani wuri ka bi ta mil hamsin lafiya lau, wani wuri ta ƙare a gonar wani dole ka hau Interstate ka sake sauka gaba. Wani wanzami a Seligman mai suna Angel Delgadillo shi ya tara mutanen garinsu a 1987 suka kafa ƙungiya suka matsa wa jiha ta sa mata alamar hanyar tarihi, daga nan sauran jihohi suka kwaikwaya. Kuma ka sani taswirar waya kullum so take ta mayar da kai kan Interstate don ta fi sauri, sai ka rinƙa sa mata sunan ƙaramin gari na gaba ɗaya bayan ɗaya, in ka sa mata Los Angeles kai tsaye wallahi ba abinda zaka gani sai bayan tirela.

Wacce ka fi bani shawara, kuma kwana nawa?

In kana da sati biyu cif da abokin karɓar tuƙi, kuma kana son sahara da duwatsu da faɗin ƙasa, bi 66. Ana iya yin ta a kwana biyar amma wannan ba yawon buɗe ido bane, dakon kai ne.

Ni dai in ka tambaye ni tsakani da Allah, haɗa su zaka yi. Ka sauka Shikago, ka bi 66 zuwa St. Louis, wajen mil 300, ka tsaya Springfield inda gidan Abraham Lincoln da kabarinsa suke, sannan a St. Louis ka rabu da ita ka kama kogi kayi kudu: Cairo, Memphis, Clarksdale, Vicksburg, Natchez, New Orleans. Kwana tara ko goma sun isa ba gaggawa. Dalilina shi ne 66 rabinta kayan ado ne na masu yawon buɗe ido, ƙaton mutum-mutumi a bakin titi, tsohon gidan mai da aka yi wa fenti, shagon saida riga da kofi, in ka ga goma ka ga ɗari. Kogin kuwa labarin da ke bakinsa namu ne ta wata fuska, zan zo kan wannan. Kar ka wuce mil 200 zuwa 250 a rana, sauri ya haifi nawa.

Lasina na Najeriya zai yi? Kuma wane hannu suke bi?

Hannun dama suke bi, sitiyari a hagu, daidai da Najeriya da Nijar da Ghana, don haka nan ba matsala. Lasi kuwa kowace jiha da dokarta, amma baƙo mai ziyara yakan yi tuƙi da lasin ƙasarsa in bai ƙare ba. Ka haɗa da lasin ƙasa da ƙasa tun daga gida don a can ba za a yi maka ba, musamman ƴan uwa na Nijar da Chadi da nasu ke rubuce da Faransanci. Kuma shi na ƙasa da ƙasan baya aiki shi kaɗai, dole ka riƙe na asalin tare.

Hayar mota fa, ina tarkon yake?

Tarkuna uku ne. Na farko katin bashi, yawancin kamfanoni shi suke so da sunan direba a jiki, su riƙe wani kuɗi a ciki har ka dawo da mota, katin cire kuɗi na banki wasu sun ƙi shi sam wasu kuma sai da dogon turanci. Na biyu kuɗin ajiye mota a wani gari daban, tunda a Shikago ka ɗauka a New Orleans zaka bari, wannan kuɗin wani lokaci yakan kusa kamo kuɗin hayar kanta, don haka ka duba jimla kafin ka danna, kar ka ruɗu da farashin rana ɗaya. Na uku inshora. Akwai ta lalacewar motar, akwai ta wanda ka buge, ka yanki duka biyun. Na san zaka ce Allah ya tsare, amin, amma a Amurka ɗan gogar bamba sai ya cinye kuɗin tafiyar gaba ɗaya, balle asibiti. Inshorar lafiya ta matafiya ma kar ka hau jirgi babu ita.

Wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi kullum. Motocin kusan duk otomatik ne. Ka ɗauki bidiyon motar zagaye kafin ka fita daga gareji, ni wani kamfani ya taɓa turo mun takardar wai na kwarzane ƙofa, bidiyon nan ne ya cece ni. Sannan ka tambaye su yadda ake biyan tolget, domin a kewayen Shikago da Oklahoma galibi babu mai karɓar kuɗi a hannu yanzu, kyamara ce ke ɗaukar lamba, kamfanin ya cire a katinka daga baya har da ladan kansa.

Wace doka ce ta fi kama baƙo?

Jan allon nan mai cewa a tsaya. Tsayawa ake cak, taya ta daina juyawa, ko da tsakar dare ne ba kowa. In mararraba ce da kowa ke da allon, wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa, ba wanda ya fi ƙarfin hali ba, kuma abin mamaki suna bi. Sai motar ƴan makaranta, ruwan ɗorawa, in ta tsaya ta kunna jar wuta ta miƙo allo, kowa ya tsaya har masu tahowa daga gaba sai dai in akwai shinge a tsakiyar titi, wannan laifin basa wasa da shi ko kaɗan. Ana iya shan kwanar dama a jar danja bayan ka tsaya ka duba, sai inda aka rubuta an hana.

Gudu kuma da mil ake rubutawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, in ka ga 70 kusan 113 kenan. Inda ake kama mutane shi ne shigowa ƙananan garuruwa, kana kan 55 sai ka ga 45 sai 35 sai 25 cikin ɗan taƙi, kuma ɗan sandan garin ya san inda yake laɓewa. Bel dole, yara ƙanana sai da kujerarsu, ba maganar ɗora yaro a cinya. Hon kuma ba gaisuwa bane a can, zagi ne.

In ɗan sanda ya tsayar dani ya zanyi?

Kayi sigina ka gangara dama, ka kashe mota, ka sauke gilas, hannu biyu kan sitiyari, ka zauna. Kar ka fito. Mu a gida fitowa ake a je a gaishe da ofisa da ranka ya daɗe, a can in ka buɗe ƙofa ka nufo shi ɗauka zai yi faɗa ka zo yi kuma da bindiga a ƙugunsa. In ya nemi takardu ka gaya masa inda suke kafin ka miƙa hannu. Kar ka kuskura ka ce ga na goro, wannan kaɗai zai iya kai ka ɗaki. In ya rubuta tara ka karɓa, ana biya ta intanet. Fasfonka ya kasance a kusa. Lambar gaggawa 911.

Shan mai fa?

Kai zaka zuba da kanka, ba yaron gidan mai. Da galan suke sayarwa, galan ɗaya lita 3.8 ne kusan. Ka danna 87, shi ne na yau da kullum, ka kula da kan famfo mai kore don galibi dizal ne. Wani lokaci na'urar zata nemi lambar unguwa ta Amurka ta ƙi katinka, kar ka damu, shiga ciki ka ce a sa maka na dala kaza a famfo lamba kaza. A bakin kogi gidan mai ko'ina ne, amma a yamma, tsakanin Needles da Barstow cikin saharar Mojave, tafiyar wajen mil 140 ce gidajen mai ƙalilan kuma da tsada, ni ƙa'idata tanki ya kai rabi na cika.

Waɗanne garuruwan bakin kogi ne suka cancanci a yada zango?

In ka faro daga sama akwai Galena a Illinois, garin jan bulo da ya yi arziki da haƙar dalma, nan Janar Ulysses Grant ya zauna kafin yaƙin basasan Amurka, sai Dubuque a tsallake. A wannan sashen kogin yana tsakanin tsaunuka, akwai madatsu masu ƙofofi da ake ɗaga jirage ana sauke su, ka tsaya ka kalli yadda ɗan jirgi guda ke tura manyan kwale-kwalen dako goma sha biyar a ɗaure cike da masara da waken suya, yarana sun fi awa ɗaya suna kallo basu ce yunwa ba. Hannibal a Missouri garin da marubuci Mark Twain ya tashi ne, shi kansa matuƙin jirgin ruwa ne a da, sunan ma kiran ma'aunin zurfin ruwa ne, gaba biyu, wato ƙafa 12.

St. Louis akwai ƙaton bakan ƙarfen nan mai tsawon mita 192 da aka gama a 1965, ana hawa har sama a wasu ƴan akwatuna matsattsu, mai tsoron ƙunci ya haƙura. Akwai tsohuwar gadar Chain of Rocks da 66 ta taɓa bi, mai lanƙwasa a tsakiyar ruwa, yanzu da ƙafa ake takawa. A tsallaken kogi kuma Cahokia, tuddan ƙasa da ƴan asalin ƙasar suka gina, birni ne guda tun ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su zo, mutane da yawa wucewa suke basu san da shi ba.

Wanda ya fi tsaya mun a rai shi ne Cairo, rubutunsa irin na Alƙahira amma su Kero suke cewa. Nan kogin Ohio ya haɗu da Misisipi, kamar dai Lakwaja, ruwa biyu kala biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. A 1920 garin yana da mutum wajen 15,000, yanzu basu kai 2,000 ba. Jiragen ruwa suka ja baya, gadoji suka ɗauke masu jiran fito, rikicin wariyar launi ya kori sauran. Tituna masu faɗi, manyan gine-gine, ciyawa ta fito ta taga, kufai sosai. Ba wurin kwana bane, ka je da rana ka gani ka wuce.

Memphis kuwa ka bata kwana biyu. Motel ɗin Lorraine inda aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968 yanzu gidan tarihin gwagwarmayar baƙaƙe ne, ka ware masa rabin yini aƙalla. Daga nan ka kama hanya mai lamba 61 ka shiga ƙasar auduga, shimfiɗe kamar faranti, a watan Oktoba fari fat har bakin kwalta, ka bi ta Clarksdale inda kiɗan blues yake da gindi. Vicksburg garin da sojan arewa suka yi wa ƙawanya kwana 47 a yaƙin basasan Amurka har ya miƙa wuya ranar 4 ga Yuli 1863, filin yaƙin da mota ake zagaya shi. Wani abin dariya, a 1876 kogin ya canza hanya ya bar garin a tsaye ba ruwa a ƙofarsa, sai da aka karkato kogin Yazoo aka maido musu.

Ka ce labarin kogin namu ne, kamar yaya?

Natchez nake nufi. Gari ne kan tudu mai kallon kogi, cike da manyan gidaje masu fararen ginshiƙai da attajiran auduga suka gina, kuma masu zagayawa da baƙi sun iya yabon labule da kujeru. Amma a gefen garin akwai wata ƴar mararraba da ake kira Forks of the Road, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na kudu, yau ba komai a wurin sai alluna da sarƙoƙi da aka dasa cikin siminti.

A wani gandu kusa da garin nan wani Bafulatani mai suna Abdurrahman ɗan Ibrahima Sori yayi shekara 40 yana bauta. Ɗan sarki ne daga Timbo a Futa Jalo, ƙasar Gini ta yanzu, mai ilimin Arabiyya, aka kama shi a yaƙi a 1788 aka sayar. Wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta bi hannu-hannu har ta kai ga sarkin Maroko, magana ta dawo wa gwamnatin shugaba John Quincy Adams, aka sake shi a 1828. Ya zagaya biranen arewa yana neman kuɗin fansar ƴaƴansa bai samu ya cika ba, ya tafi da matarsa, ya isa Laberiya a 1829 ya rasu a can cikin ƴan watanni bai ƙarasa gida ba. Na tsaya a bakin tudun nan da la'asar ina kallon ruwan ina tunanin mutumin da ya san alwala da karatu yana tsinkar auduga shekara arba'in, mai ɗakina ta ce mu yi masa addu'a, muka yi.

In zaka shiga gandu ɗaya kacal a Louisiana, shiga Whitney, shi labarin bayin yake bayarwa, ba na masu gidan ba. Daga Natchez kuma akwai hanyar Natchez Trace, mil 444 har Nashville, ba tirela ba allon talla, ko mil talatin ka ɗanɗana ka dawo.

Duk hanya ana ganin kogin?

A'a, kuma wannan ya bani haushi da farko. Daga Cairo zuwa ƙasa an yi wa kogin ganuwar ƙasa mai tsayi saboda ambaliya, musamman bayan babbar ambaliyar 1927, sai kayi awa biyu kana tuƙi kogin na bayan tudu baka ganinsa. Sai a Memphis da Vicksburg da Natchez masu tudu, ko kan gada. Mai son ruwa a gefensa kullum ya bi sashen sama, Wisconsin da Iowa da Minnesota.

Baƙin mutum, ga mata da hijabi, ba matsala a ƙauyukan nan?

Ba zan ce maka kowa haka zai samu ba, mu dai kallo muka sha a wasu wuraren cin abinci, daga nan sai tambayar daga ina kuke, in ka ce Najeriya hira ta ɓarke. Amma tarihin ba na wasa bane. A zamanin da 66 ke tashe akwai garuruwan da baƙi basa yarda rana ta faɗi suna ciki, masauki da gidan mai da yawa basa karɓarsu, har wani ma'aikacin gidan waya Victor Green ya fara buga ɗan littafin jagora a 1936 mai nuna inda baƙar fata zai iya kwana. A Tulsa, kan hanyar 66 ɗin, ka je unguwar Greenwood da aka ƙone a 1921. Shawarata, ka isa masauki kafin magariba, kar ka shiga hanyar gidan mutum ko gonarsa don juya mota ko ɗaukar hoto, mutanen karkara da yawa suna da bindiga kuma basa son baƙon da bai yi sallama ba. A manyan birane kuma ɓarayin fasa gilas ne matsala, kar ka bar jaka a kujera.

Abinci, musamman maganar alade?

Nan sai ka buɗe ido sosai, don kudu alade kamar gishiri ne a wurinsu. Gashin Memphis da ake ta yabo galibi alade ne. Wake da ganye da kake ganin lafiyayyu da ƙashin alade ake dafa su, wani burodin da kitsensa. Gumbo na Louisiana, wanda in da kuɓewa aka yi zaka rantse miyar gida ce, yawanci akwai tsiran alade a ciki, sai ka tambaya. Abinda ya riƙe mu shi ne soyayyar tarwaɗa, ko'ina a jihar Misisipi akwai ta kuma ta iya daɗi, da jatan lande, da ƙwai. Naman halal kayi guzurinsa a manyan birane: titin Devon a Shikago, unguwar Somaliyawa a Minneapolis, wajen ƴan Bosniya a St. Louis. Mu kular abinci muka saya da ƴar tukunyar shinkafa ta lantarki, Hajiya ta soya miya ta kwana uku, rabin kuɗin abinci ya tsira.

In kun zauna an kawo muku abinci, tukwici kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kamar wajibi ne, da shi ma'aikatan ke rayuwa. Farashin da ke rubuce kuma ba shi zaka biya ba, sai an ɗora haraji a wurin biya.

In taho da kilishi?

Kar ka fara. Nama baya shiga, ƙwacewa zasu yi a filin jirgi, in ka ɓoye kuma karensu ya shinshino ga tara. Duk abincin da ka riƙo ka faɗa, yaji da kuka da garin kunu su duba su baka abinka.

Sallah a hanya?

Alƙibla a Amurka arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, ka sa manhaja a waya. Wuraren hutawa na bakin hanya suna da ciyawa da bayi mai tsafta, mu a nan muke shimfiɗa darduma gefen mota, ka riƙe buta ko gora don bayinsu ba ruwan tsarki. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka kafin ka taso. Juma'a ka daidaita ta faɗo a babban gari, St. Louis, Memphis, Tulsa, Oklahoma City, Albuquerque duk akwai masallatai. In kana wajen Dubuque, Cedar Rapids bata da nisa, akwai ɗan masallacin da ƴan Sham suka gina a 1934 da suke kira uwar masallatan Amurka. A 66 agogo na canzawa sau biyu, kuma Arizona bata bin canjin agogon bazara, a bakin kogi kuwa agogo ɗaya ne tun daga sama har ƙasa.

Wane wata ya fi?

Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Afrilu zuwa Yuni lokacin guguwar nan ce mai murɗawa a Oklahoma da Missouri, in wayarka ta yi ƙara da gargaɗi ka nemi gini ka shiga, kar ka fake ƙarƙashin gada. Yuli da Agusta Mojave kan haura digiri 45, kudu kuma zafi mai gumi kamar Fatakwal. Guguwar teku a Louisiana daga Yuni ne zuwa Nuwamba, ka rinƙa duba hasashe. Hunturu akwai dusar ƙanƙara a Shikago har da Flagstaff mai tudu, wanda bai taɓa tuƙi kan ƙanƙara ba kar ya koya da motar haya. Kuma kowane wata ne, ka ji tsoron barewa da magariba da asuba, tsalle ɗaya take ta faɗo gaban mota.

Biza fa?

Ta ziyara ce, B1/B2, ana cike fom ɗin DS-160 a je ganawa, a Najeriya Abuja ko Legas. Dokokinta ga ƙasashenmu suna yawan canzawa, don haka ka karanta shafin ofishin jakadancin da kanka ranar da zaka fara, kuma kar ka biya tikiti ko mota da ba a maido kuɗi sai biza ta shiga fasfo.

In na bi 66 har ƙarshe, me kar na bari ya wuce ni?

A Amarillo akwai motocin Cadillac goma da aka binne da ka a gona tun 1974, kowa na fesa musu fenti, yara zasu so shi. Garin Adrian shi ne tsakiyar hanya. Tucumcari ka kwana don fitilun motel ɗinsu da daddare, irin wanda kake faka mota a ƙofar ɗakinka, amma masu suna ɗin ka kama ɗaki tun da wuri. Daga Williams ka ratse wajen mil 60 arewa ka ga ƙaton kwazazzabon nan Grand Canyon, ba kan hanyar yake ba amma wauta ce ka zo nan ka wuce, hoto baya ɗaukarsa. Sai hawan Oatman, kwana-kwana a gefen dutse ba shinge a wurare da yawa, ka bi da rana da ƙaramin giya. Garin kansa jakuna ne ke mulki, jikokin waɗanda masu haƙar zinariya suka saki, suna yawo tsakiyar titi suna cusa kai ta tagar mota, Turawa na ta ihu suna hoto. Aminina da ya taso da jaki a ƙofar gidansu ya kalle ni ya ce yanzu dala nawa muka kashe muka zo kallon wannan.